YADDA JINYA TA ZAMA SANA'A

Jama'a, babu gidan da ba a taɓa jinya a cikinsa ba. In yaro ya kwanta da masassara, uwarsa ke kwana zaune. In tsoho ya kasa tashi, 'ya'yansa da surukansa ke juya shi, su ba shi kunu, su wanke masa tufa. Wannan ita ce jinyar gida, kuma tun kaka da kakanni ake yin ta.

Amma akwai wata jinya wadda ake koyo a makaranta. In mun tashi daga Kagara muka kai mara lafiya asibitin Goronyo, ko na Wurno, ko na Rabah, mukan tarar da waɗansu mutane masu fararen tufafi. Su ke gwada zafin jiki, su ke yin allura, su ke wanke miki, su ke karɓar haihuwa. Da dare ma su ke tsaron marasa lafiya, bayan likita ya tafi gida. Su ne ake kira nas, watau ma'aikatan jinya.

Waɗansunmu suna tsammani wannan aiki baƙo ne, Turawa suka kawo shi. Waɗansu kuma suna ganin aikin ƙasƙanci ne, bai kamata 'yar mutunci ta yi shi ba. To, bari mu bi labarin tun daga tushe, kowa ya yanke wa kansa hukunci. Abu uku suka haɗu suka mai da jinya sana'a: addini, da yaƙi, da sakewar zamani.

1. HEMAR RUFAIDA

Mu fara da Madina. A yaƙin Uhudu, shekara ta uku bayan Hijira, mata sun fita tare da rundunar Musulmi. Nana A'isha da Ummu Sulaim sun yi ta ɗauko salkunan ruwa a bayansu, suna shayar da waɗanda aka yi wa rauni. A ranar ne aka ji wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ciwo a fuska. Nana Faɗimatu ta yi ta wanke ciwon, Sayyadina Aliyu yana zuba mata ruwa. Da ta ga jini bai tsaya ba, sai ta ƙona guntun tabarma ta liƙa tokar a wurin, jinin ya tsaya. Yau Allah ya hore mana auduga da bandeji da magani, ba sai an nemi toka ba. Abin lura shi ne, ta duba ta ga dabarar farko ba ta yi ba, ta sake wata. Mai jinya na ƙwarai haka yake, idonsa na kan mara lafiya.

Akwai kuma wata mata, sunanta Rufaida, 'yar ƙabilar Aslam. Ta kafa hema a masallacin Madina, tana jinyar masu rauni da waɗanda ba su da kowa. A yaƙin gwalalo, wanda ake kira Handaƙ, shekara ta biyar bayan Hijira, watau 627, kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a jijiyar hannu. Annabi ya yi umurni a kai shi hemar Rufaida, domin ya riƙa duba shi daga kusa.

Ku lura da wannan. Sa'adu shugaban ƙabilar Ausu ne, babban mutum, amma hannun mace aka danƙa shi, kuma a cikin masallaci. Ashe jinya ba abin kunya ba ce a Musulunci tun farko.

2. TSOHUWA MAI GORUNA

Mu dawo ƙasarmu. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soma a 1804. An yi Tabkin Kwatto, an yi Tsuntsuwa, an yi Alwasa, aka ci Alkalawa a 1808. Ba kibiya da takobi kaɗai suka kashe mutane a waɗannan shekaru ba. Yunwa da zazzaɓi ma sun kashe da yawa. Waɗanda suka san aikin rauni a lokacin su ne wanzamai, masu cire kibiya da yin ƙaho, da maɗora, masu ɗaurin karaya, da masu makarin dafi. Sauran aikin, watau ba da ruwa da abinci da wanke jini, mata suka ɗauke shi.

Wani Bature matafiyi, Kyaftin Kilafaton, ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1826, sa'ad da aka kai wa Gobirawa yaƙi a Konya. Ya rubuta abin da ya gani da idonsa. Ya ce akwai wata tsohuwa Bazamfara, baiwar Sarkin Musulmi, bisa doki, ta kifa faifai a ka saboda rana. Ta rataya goruna wajen shida cike da ruwa, da 'yar tasa ta tagulla. Tana ratsa inda kibau ke zuba, tana shayar da masu rauni da masu ƙishirwa. Baturen ya ce a ranar babu wanda ya fi ta amfani, kuma ƙarfin zuciyarta bai kasa na mazaje ba. Bai rubuta sunanta ba, amma ga shi har yau ana labarinta.

Shi kansa Sarkin Musulmi Bello, wanda kabarinsa ke nan Wurno, masanin magani ne. Ya wallafa littattafai a kan ciwon ido, da basir, da waɗansu cututtuka. Ya rasu a 1837. Ƙanwarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa ƙungiyar mata da ake kira 'Yan Taru. Takan naɗa wata dattijuwa ta zama jaji, ta ba ta malfa, jajin ta riƙa kawo matan ƙauye su ɗauki karatu su koma su koya wa 'yan'uwansu. Cikin abin da ake hore su da shi har da gai da mara lafiya, da taimakon marayu da gajiyayyu. Da Asma'u ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin a Wurno. Kun ga, mace ta fita neman ilmi don ta amfani jama'a, abu ne da aka yi a wannan kwari namu na Rima tun Turawa ba su zo ba.

3. ASIBITIN DA YA FI FAGEN FAMA KISA

A ƙasashen Turai ma addini ne ya fara riƙe jinya. Akwai waɗansu mata Kirista waɗanda suka bar aure, suka ba da ransu ga ibada da kula da marasa lafiya. Ana ce da kowace "'yar'uwa", da Turanci kuwa sista. Daga nan ne muka sami kalmar sista da muke kiran babbar nas da ita.

Amma a Ingila, shekaru ɗari biyu da suka wuce, jinyar asibiti ta lalace. Matan da suka rasa abin yi su ake ɗauka, ba a koya musu kome ba, lada kaɗan. Mai hali ba ya yarda a kai shi asibiti, balle ya bar 'yarsa ta yi aiki a can.

Sai aka yi yaƙin Kirimiya, daga 1853 zuwa 1856. Turkiyya da Ingila da Faransa suka haɗu suka yaƙi Rasha. Aka riƙa kwaso sojan Ingila masu rauni a jirgin ruwa, ana zubewa a wani tsohon bariki a Uskudar, hayin birnin Santambul. Wurin ba ya shiguwa don ɗoyi. Magudanar bayan gida ta toshe a ƙarƙashin ginin, ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata, babu sabulu, babu tufafin sakewa. Soja ya tsira daga harsashi, ya zo asibiti atuni ko kwalara ko zazzaɓi ya kashe shi. Waɗanda cuta ta kashe sun fi waɗanda makami ya kashe nesa ba kusa ba.

A watan Nuwamba 1854 wata mata ta iso wurin da mata 38. Sunanta Fulorans Naitingel, 'yar masu arziki ce. Iyayenta sun daɗe suna hana ta wannan aiki, suna cewa zubar da girma ne, amma ta nace, har ta je ƙasar Jamus ta koyi jinya wurin waɗansu mata masu ibada. Da isowarta ta sa aka share ɗakuna, aka kafa wurin wanki, aka gyara dafuwar abinci. A 1855 gwamnati ta aiko da ma'aikatan tsabta, suka yashe magudanai, suka gyara ruwan sha, suka buɗe hanyar iska. Cikin 'yan watanni mace-mace suka ragu ƙwarai da gaske.

Wani abu kuma da ta yi shi ne ƙidaya. Ta rubuta ko mutum nawa suka mutu kowane wata, da abin da ya kashe su. Da aka koma gida ta nuna wa hukuma lissafin, ba wanda ya iya musu. A 1860 ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin San Tomas a birnin Landan. Daga nan jinya ta zama aikin da ake koyo, a ci jarrabawa, a karɓi albashi.

Ku da kuke koyon karatu da lissafi a wannan aji, ku riƙe wannan. Da Fulorans ba ta iya rubutu da ƙidaya ba, da maganarta ta bi iska.

4. JAR ALAMA

Wani yaƙin kuma ya haifi wani abu. A 1859 an gwabza a Solfarino, ƙasar Italiya. Da aka tashi, dubban masu rauni suna kwance a fili, ba mai ba su ko ruwa. Wani ɗan kasuwa mutumin Suwizalan, Hanri Dunan, ya tara matan garin da ke kusa, suka yi jinyar kowa, nasu da abokan gaba. Daga wannan aka kafa ƙungiyar Red Cross a 1863. A 1864 ƙasashe suka sa hannu a birnin Janiba, cewa ba za a taɓa mai rauni ba, ba za a taɓa mai jinyarsa ba, ko na wane ɓangare ne. Alamarsu jar gicciye ce bisa farin ƙyalle. Daular Turkiyya ta sa jan jinjirin wata maimakon gicciye, yawancin ƙasashen Musulmi kuma suka bi ta. Aikin dai ɗaya ne.

5. ZUWAN ASIBITI ƘASAR HAUSA

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903. Asibitocin farko da suka gina na sojansu ne da ma'aikatansu. Sannu a hankali En'e ta soma gina asibitoci a manyan garuruwa, da ƙananan ɗakunan shan magani a gundumomi. Samari aka fara ɗauka, aka koya musu wanke miki da ba da magani, mutane suka riƙa ce musu malaman asibiti. A shekarun 1930 aka buɗe makarantar tsabta a Kano, inda ake koyar da duba-gari.

'Yan mishan ma sun yi nasu. Sun buɗe asibiti a Vom a 1922, suka buɗe wani a Wusasa kusa da Zariya, suna koya wa samari da 'yan mata jinya. A shekarun 1930 aka ba su riƙon zangon kutare na Amanawa kusa da Sakkwato, da na Babbar Ruga a Katsina, da na Yadakunya a Kano. Gaskiya ita ce sun wanke gyambon da mutane da yawa ke ƙyama. Amma iyayenmu sun ji tsoro kada a juya wa 'ya'yansu addini, saboda haka suka ƙi sa su, musamman mata. Wannan ya sa yawancin nas-nas na farko a ƙasar Hausa baƙi ne daga Kudu ko daga wajen Filato.

Yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, ya kwashi samarinmu da yawa zuwa Habasha da Bama. A soja aka koya wa waɗansu ɗaukar masu rauni, da ɗaure ciwo, da yin allura. Da suka dawo, waɗansunsu suka shiga aikin asibiti. Bayan yaƙin ne kuma allurar fenisilin ta yaɗu, aka sami ƙwayar maganin kuturta. Da mutane suka ga ciwo yana warkewa, sai suka soma zuwa asibiti da ƙafarsu.

An yi dokar aikin ungozoma a Nijeriya a 1930. A 1947 aka kafa majalisar da ke rajistar ma'aikatan jinya. Tun daga nan ba kowa ke kiran kansa nas ba, sai wanda ya ci jarrabawa aka rubuta sunansa. A 1979 aka haɗe hukumomin biyu suka zama ɗaya. A 1952 aka buɗe makarantar jinya ta asibitin jami'a a Ibadan. Wata 'yar Ikko, Kofoworola Pratt, ta yi karatu a makarantar nan da Fulorans ta kafa a Landan, ta dawo gida a 1954, ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta Nijeriya duka a 1965.

A Arewa kuwa, Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya zama Firimiya a 1954. Gwamnatinsa ta matsa a koya wa 'yan Arewa aikin ofis da na asibiti. Amfanin wannan ya bayyana a 1966 da 1967, sa'ad da rikici ya tashi, ma'aikata 'yan Gabas suka koma gida, ɗakunan asibiti da yawa suka rasa masu aiki. Yaƙin basasa ya biyo baya, daga 1967 zuwa 1970. Wannan ya koya mana cewa garin da ya dogara ga baƙo kaɗai, ranar da baƙo ya ɗaure kayansa ya shiga uku.

6. ABIN DA SUKA YI MANA

Dattawan cikinmu sun san agana. Sun san yadda takan shiga gari ta kashe yara, ta makantar da waɗansu, ta bar zane a fuskar waɗanda suka tsira. Daga 1967 masu lamba suka bi ƙauye ƙauye, kasuwa kasuwa. A 1980 aka yi shelar cewa agana ta ƙare a duniya. Yaranmu na yau ba su taɓa ganin ta ba.

Haka shan inna. Mata ma'aikata ne suka shiga gida gida, inda namiji ba ya shiga, suna ɗiga wa yara magani a baki. A watan Agusta 2020 aka bayyana cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka, ko da yake ana ci gaba da ɗigon don kada cutar ta sami hanyar komowa. A shekarar sanƙarau, 1996, da kowace damina da amai da gudawa suka ɓarke, ma'aikatan jinya ne ke kwana a kan masu ciwo suna sa musu ruwa.

7. INDA GIZO KE SAƘA

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata wajen 82,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa. Babu ƙasar da ta kai mu yawa, kuma abin ya fi tsanani a ƙauyukan Arewa. Abubuwan da ke kashe su sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin jego. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda kuma, sau da yawa takan gamu da yoyon fitsari.

Dukan waɗannan, ungozomar da ta yi makaranta tana gane alamarsu da wuri. Tana gwada hawan jini tun ciki na ƙarami. Tana da allurar tsai da jini. Ta san lokacin da za ta ce, "Wannan ta fi ƙarfina, a nemi mota a kai ta Sakkwato yanzu." Ba mu raina ungozomar gida ba, ta yi mana aiki shekara da shekaru. Amma ba ta da abin awo, ba ta da allura.

To, me ke hana mu kai matanmu? Sau da yawa maigida yakan ce, "Ba na son namiji ya duba iyalina." Mun ji wannan, kuma kunya abu ce mai kyau. Amma shi wannan maigida, in aka ce ya bar 'yarsa ta wuce firamare, sai ya ƙi. Ina za a samo macen da za ta duba matarsa? Wanda bai shuka ba, ba ya zuwa girbi.

Ga kuma halin da muka shiga na 'yan bindiga. A watan Oktoba 2021 sun faɗa wa kasuwar Goronyo, suka kashe mutane da yawa. Ƙauyukan Rabah ma sun sha irin wannan. In hanya ta ɓaci, ma'aikacin da aka turo daga nesa yakan nemi a mai da shi birni, kuma ba mu ga laifinsa ba. Wadda za ta zauna ita ce 'yar gari, wadda uwarta da ubanta da mijinta ke nan.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Yarinya ta gama firamare, ta gama sakandare, ta ci darussa biyar: Turanci, da lissafi, da darussan kimiyya uku. Sa'an nan ta nemi makarantar jinya, akwai ta a Sakkwato. Karatun na 'yan shekaru ne. Aure ba ya hana shi, matan aure da yawa sun yi, da goyo a bayansu. Tufafin aikin ma yanzu da hijabi ake sa su. Yara maza kuma ƙofa a buɗe take gare su, gama ɗakin maza na bukatar masu jinya.

Mu da muka girma ba mu yi boko ba, namu ya wuce, amma muna da abin yi. Mu bar yara su yi karatu. Mu kai mai ciki awo tun da wuri. Mu wanke hannu da sabulu kafin mu taɓa mai jego ko jariri ko miki. In an turo mana ma'aikaciyar jinya, mu ba ta masauki, mu tsare mutuncinta. Rufaida ta yi wannan aiki a masallacin Madina, tsohuwa mai goruna ta yi shi a Konya. 'Yar Kagara ma za ta iya, in mun bar ta. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

TAMBAYOYI

1. Wace ce Rufaida, kuma a ina ta kafa hemarta?
2. Me tsohuwar nan Bazamfara ta yi a yaƙin Konya?
3. Me ya fi kashe soja a asibitin Uskudar, rauni ko cuta? Me aka yi mace-mace suka ragu?
4. Don me iyayenmu suka ƙi sa 'ya'yansu aikin jinya da farko?
5. Faɗi abu huɗu da ke kashe mata wajen haihuwa.
6. 'Yan mata nawa ne a unguwarku suka gama firamare bana? Nawa suka wuce sakandare? Ku ƙirga, ku rubuta, ku kawo wa malam mako mai zuwa.